Gasar mutum-mutumi ta makarantu

Gasar mutum-mutumi ta makarantu gasa ce da ɗaliban firamare da sakandare ke haɗa wata na'ura mai motsi da hannunsu, su rubuta mata umarni a kwamfuta, sannan su kawo ta fili ta yi wani aiki da aka ƙayyade cikin ɗan lokaci, alƙalai suna ba da maki. Ana shiga gasar ne ƙungiya-ƙungiya, kowace da malami ko mai horarwa. Masu shirya ta ba su ɓoye manufarsu ba: suna son yara su saba da lissafi da kimiyya tun da ƙuruciya, wasu daga cikinsu su zama injiniyoyi. A Najeriya an fi yin ta a Legas da Abuja da kwalejojin tarayya, tana kuma shigowa Arewa sannu a hankali.

Suna

Kalmar da Turawa ke amfani da ita, wato robot, ta fito ne daga harshen Cek. Marubuci Karel Čapek ya sa ta a wasan kwaikwayonsa mai suna R.U.R. a shekarar 1920, daga kalmar robota wadda ke nufin aikin tilas. A Hausa kuwa an ɗauki "mutum-mutumi" ko "butum-butumi", wasu marubuta kuma sun fi son "saƙago".

Mutum-mutumi tsohuwar kalma ce, an gina ta ta hanyar ninki daga "mutum", tana nufin abin da aka yi da siffar mutum amma ba mutum ba ne, kamar wanda ake kafawa a gona don korar tsuntsaye. Nan ne kalmar ke ɗan ɓatar da mai sauraro. Wanda ya ji "gasar mutum-mutumi" zai zaci abu mai kai da hannuwa da ƙafafu zai gani. Mafi yawan na'urorin da ɗalibai ke haɗawa sun fi kama da ƙaramar mota mai tayoyi biyu ko huɗu, da ɗan hannu guda na ɗauka ko turawa. Abin da ya sa ake kiranta mutum-mutumi shi ne tana jin abin da ke kewaye da ita, ta yanke abin da za ta yi bisa umarnin da aka rubuta mata, sannan ta aikata.

Tarihi

Ƙera na'ura mai aiki da kanta daɗaɗɗen abu ne. Isma'il al-Jazari, injiniyan da ya yi aiki a fadar Diyarbakir a ƙasar Turkiyya ta yau, ya kammala littafinsa a shekarar 1206, inda ya bayyana na'urori kusan 50 da yadda ake haɗa su, har da agogon giwa da na'urar zuba ruwan wanke hannu. Amma mayar da abin darasi ga yara sabo ne. Seymour Papert na jami'ar MIT a Amurka yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro yaren kwamfuta na Logo a 1967, wanda yara ke tuƙa wata ƙaramar na'ura mai kama da kunkuru da shi. Ra'ayinsa shi ne yaro ya fi fahimtar lissafi idan yana gina wani abu da shi. Littafinsa na 1980, Mindstorms, shi ya ba da suna ga kayan haɗin da kamfanin LEGO na ƙasar Denmak ya fitar a 1998.

A shekarar 1989 wani mai ƙirƙira ɗan Amurka, Dean Kamen, ya kafa ƙungiyar FIRST a birnin Manchester na jihar New Hampshire. Abin da ya dame shi shi ne matasa sun san sunayen 'yan wasa da mawaƙa amma ba su san injiniya ko ɗaya ba, don haka ya ga a mayar da aikin injiniya wasa mai 'yan kallo da tafi da kofi. An yi gasar farko a 1992 a ɗakin motsa jiki na wata makarantar sakandare, da ƙungiyoyi 28. Farfesa Woodie Flowers na MIT, wanda ya rasu a 2019, shi ne abokin aikinsa wajen tsara ta. A 1998 FIRST ta haɗa kai da LEGO suka fara gasar ƙananan yara, FIRST LEGO League, wadda kayanta suka fi sauƙin ɗauka da haɗawa.

Sauran manyan gasanni sun biyo baya ko sun taso a gefe guda. RoboCup ta fara a Nagoya ta Japan a 1997, da burin cewa kafin shekarar 2050 ƙungiyar mutum-mutumi za ta doke zakarun ƙwallon ƙafa na duniya, kuma tana da sashen yara. World Robot Olympiad ta fara a Singafo a 2004. Akwai kuma gasar VEX, wadda ta shiga kundin Guinness a matsayin gasar mutum-mutumi mafi girma.

Yadda na'urar take aiki

Kowace na'urar gasa tana da sassa huɗu da ba ta yi sai da su: ƙwaƙwalwa, wato ƙaramin allon lantarki mai riƙe umarni, na'urorin ji, injinan da ke juya tayoyi ko ɗaga hannu, da batir. Wata ƙwaƙwalwa mai araha ita ce Arduino, wadda aka ƙirƙiro a garin Ivrea na Italiya a 2005, ba ta kai faɗin tafin hannu ba. Masu farawa sukan rubuta umarni da Scratch, manhajar da MIT ta fitar a 2007, inda ake jera umarni kamar ana jera bulo maimakon a buga su da haruffa. Waɗanda suka ƙware sukan koma Python ko C++ ko Java.

Aikin farko da aka fi ba ɗalibai shi ne na'ura mai bin layi. Ana zana baƙin layi mai lanƙwasa a kan farin allo. A ƙarƙashin na'urar akwai idanu biyu, ɗaya a hagu ɗaya a dama, kowanne yana haska ƙasa yana auna hasken da ya dawo. Fari yana mayar da haske da yawa, baƙi yana shanye shi. Idan idon hagu ya ga baƙi, na'urar ta karkata dama ke nan, sai umarni ya rage gudun tayar hagu, na'urar ta juyo hagu ta koma kan layi. Idan idon dama ne ya gani, sai a yi akasin haka. A takarda abin layi biyar ne ko shida. A fili kuwa sai a tarar na'urar da ta yi daidai a aji da safe ta bar layi da rana, saboda hasken da ke shigowa ta taga ya canza abin da idanun ke karantawa, ko batir ya yi sanyi gudun ya ragu. Ɗalibi yakan koyi fiye da rabin darasin ne a wajen neman dalilin da ya sa abin ya ƙi.

Lissafin da ake yi a aji yana shigowa kai tsaye. Taya mai faɗin santimita 5.6 tana cin kimanin santimita 17.6 a kowane juyi guda, wato faɗin sau 3.14. Wanda yake son na'urarsa ta tafi santimita 88 ta tsaya, dole ya gano cewa juyi 5 zai ba ta. Haka na'urar auna nisa: tana fitar da sautin da kunnen mutum ba ya ji, ta jira amsa-kuwwarsa. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa. Idan ya dawo bayan kashi 2 cikin 1000 na daƙiƙa, ya yi tafiyar kusan santimita 68 zuwa da dawowa, bangon yana nesa da santimita 34 ke nan. Yaron da ya manta ya raba biyu zai ga na'urarsa ta yi karo da bango a gaban jama'a, kuma da wuya ya sake mantawa.

Tsarin gasa

A FIRST LEGO League ƙungiya ba ta wuce ɗalibai 10, kuma a yawancin ƙasashe shekarunsu tsakanin 9 ne da 16. Kowace shekara ana fitar da jigo guda, kamar ruwa ko makamashi ko sufuri, da tebur mai ɗauke da ƙananan ayyuka. Na'ura tana da minti biyu da rabi ta yi iya waɗanda za ta iya, kuma da kanta take tafiya, ba a tuƙa ta da rimot. Makin tebur kashi ɗaya ne kawai. Alƙalai suna zama da ɗalibai su tambaye su yadda suka tsara na'urar, su saurari binciken da suka yi kan wata matsala ta gaske da ta shafi jigon shekarar, su kuma duba yadda suke aiki tare. Wannan zaman ne ke tona asirin ƙungiyar da malami ya haɗa mata na'ura, domin yaron da bai taɓa sukurun ba ba zai iya cewa ga dalilin da ya sa aka sa shi a nan ba.

Gasar manyan ɗalibai ta FIRST ta fi wannan nauyi nesa ba kusa ba. Ana bayyana wasan shekara a watan Janairu, ƙungiyoyi su yi makonni suna yanka ƙarfe da haɗa waya, na'urar takan wuce kilo 50. Ana karawa uku da uku, kuma wanda kuka kara da shi yanzu yana iya zama abokin haɗinku a zagaye na gaba. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga ƙungiya ta ara wa abokiyar hamayyarta inji ko batir.

Afirka a fagen gasar

A watan Yulin 2017 aka yi gasar FIRST Global ta farko a birnin Washington, inda kowace ƙasa ta turo ƙungiya ɗaya, kusan ƙasashe 160. An aika wa kowa kayan haɗi iri ɗaya domin kada mai kuɗi ya fi talaka da kaya. Jigon shi ne tsabtataccen ruwa, aikin kuma shi ne na'ura ta rarrabe shuɗayen ƙwallaye, masu wakiltar ruwa mai kyau, daga masu ruwan lemo, masu wakiltar ƙazanta. Abin da ya fi jan hankalin duniya a shekarar bai faru a fili ba. An hana ƙungiyar Gambiya biza da farko, sai daga baya aka ba su. 'Yan mata shida na Afganistan daga birnin Herat sun je ofishin jakadancin Amurka a Kabul sau biyu ana hana su, sai da fadar shugaban Amurka ta sa baki, suka iso dab da farawa, suka kuma samu lambar azurfa ta jarumta. Daga nan gasar ta je birnin Meziko a 2018, Dubai a 2019, Janeba a 2022, Singafo a 2023 da Atina a 2024. Najeriya tana cikin ƙasashen da ke tura ƙungiya.

A cikin nahiyar, Dakta Sidy Ndao, injiniya ɗan Senegal da ya koyar a jami'ar Nebraska, ya kafa gasar PARC ta ɗaliban Afirka, wadda aka sha yi a Dakar. Gana ce misalin da ya fi kusa da Najeriya. Dakta Ashitey Trebi-Ollennu, injiniya a hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ya kafa gidauniyar koyar da mutum-mutumi a ƙasarsa a 2011. Shekara takwas bayan haka, a 2019, ɗaliban makarantar 'yan mata ta Methodist da ke Mamfe suka lashe babban rukunin gasar Robofest ta duniya a jihar Michigan. Mamfe ƙaramin gari ne a kan tsaunukan Akuapem.

A Najeriya

Kafin mutum-mutumi ya shigo, makarantun sakandare na Najeriya sun daɗe da ƙungiyar JETS ta matasan injiniyoyi da masana kimiyya, wadda ke gasa daga matakin jiha zuwa na ƙasa, ɗalibai suna baje abin da suka ƙera. Malaman da suka saba da JETS su ne galibi ke ɗaukar nauyin kulob ɗin mutum-mutumi idan ya zo makaranta. Gidauniyar Coderina ce ke shirya FIRST LEGO League a ƙasar, kuma ta yi aiki da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya wajen kai gasar kwalejojin tarayya, waɗanda suka haura 100. A watan Nuwamban 2020 hukumar NITDA ta buɗe cibiyar ƙasa ta ƙirƙirarriyar basira da mutum-mutumi a Abuja, lokacin Isa Ali Pantami yana ministan sadarwa. Sabon manhajin karatu da gwamnatin tarayya ta sanar a 2025 ya sa fasahar zamani a cikin darussan sakandare, tare da sana'o'i irin su haɗa sola da gyaran waya da kwamfuta.

Arewa ba ta rasa masu hannu ba. Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, kuma likitoci da injiniyoyi da yawa na yankin daga can suka fito. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar lissafi da makamashi a Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen motoci da babura. Jelani Aliyu, wanda ya yi Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato da kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, daga baya ya shugabanci hukumar ƙera motoci ta Najeriya daga 2017 zuwa 2023. Ƙasa da waɗannan akwai dubban yara da ke yin mota da gwangwanin madara da kara da tayoyin tsohon silifas, wasu har su ciro ɗan injin rediyo ko na abin wasa su sa mata batir. Tazarar da ke tsakanin wannan motar da na'ura mai bin layi allo ɗaya ne da idanu biyu da wanda zai nuna yadda ake rubuta umarni.

Arewacin Zamfara

Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi ƙananan hukumomi ne a arewacin jihar Zamfara, wadda aka cire daga Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996. Ƙaura Namoda ce ƙarshen layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau, wanda ya iso garin a 1929, daga nan kuma hanyar mota ke rabuwa, ɗaya ta nufi Shinkafi da Isa, ɗaya ta bi Zurmi zuwa Jibiya. Babban abin da yankin ke da shi game da wannan batu shi ne Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, mai sassan injiniyan lantarki da na injina. A ƙasashen da gasar ta kafu, ɗaliban irin wannan kwaleji da malamansu su ne ke horar da ƙungiyoyin sakandare, su kuma yi alƙalanci. Jihar tana da kwalejojin tarayya a Anka da Gusau, da Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013.

Abin da ya fi tsaya wa irin wannan aiki a yankin shi ne tsaro. A watan Mayun 2019 'yan bindiga sun shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Moriki a ƙaramar hukumar Zurmi, suka tafi da wasu masu aiki a makarantar. Ranar 26 ga Fabrairu, 2021 aka sace ɗalibai mata 279 a Jangebe. Ranar 1 ga Satumba na shekarar aka kwashe sama da 70 a makarantar Kaya ta Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jihar, bayan kwana biyu kuma aka katse layukan waya da intanet na tsawon makonni. Biyu daga cikin manyan sace-sacen ɗalibai na wancan lokaci a maƙwabtan jihohi, na Ƙanƙara a Disamban 2020 da na Kagara a Fabrairun 2021, makarantun kimiyya na kwana suka faɗa wa, wato irin makarantun da kulob ɗin mutum-mutumi ya fi dacewa da su. Shirin gasa yana cin watanni na zama bayan an tashi daga aji, sannan a yi tafiya zuwa Gusau ko Abuja, kuma uban da ke fargabar hanya ba zai saki ɗansa ba, balle 'yarsa. A watan Nuwamban 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a jihar.

Sauran matsalolin sun fi sauƙin magani. Kayan LEGO da VEX daga waje ake shigo da su da dala, kuma tun faɗuwar darajar naira a 2023 sun fi ƙarfin yawancin makarantun gwamnati. Amma na'ura mai bin layi ba ta buƙatar su. Allon Arduino da idanu da ƙananan injina suna samuwa a kasuwannin kayan lantarki na Kano, jikin kuma ana iya yankawa daga katako ko roba. Kwamfutar tafi-da-gidanka ɗaya ta ishi ƙungiya, ƙaramin allon sola yana cajinta, kuma Scratch da manhajar Arduino duk suna aiki ba tare da intanet ba da zarar an sauke su. Mai gyaran waya a bakin kasuwa ya riga ya iya liƙa waya da dalma da auna wuta da mita, abin da malamin kimiyya da yawa bai taɓa yi da hannunsa ba.

Akwai kuma batun harshe. Dokokin gasa da littattafan jagora da Ingilishi suke zuwa, haka ma zaman da ake yi da alƙalai. Ɗalibin da ya fahimci na'urarsa sarai yana iya rasa maki don ya kasa bayyana ta da Ingilishi. Hausa ba ta gaza ɗaukar bayanin ba: "idan ka ga baƙi, juya hagu, in ba haka ba ci gaba" umarni ne cikakke, kuma da wannan siga ta sharaɗi ake rubuta shi a kowane yaren kwamfuta.

Tasiri kan zaɓin sana'a

Jami'ar Brandeis ta Amurka ta bi sawun ɗaliban FIRST na tsawon shekaru tana kwatanta su da takwarorinsu da ba su shiga ba. Ta samu cewa waɗanda suka shiga sun fi zaɓar karatun injiniya da na kwamfuta a jami'a, kuma bambancin ya fi fitowa a wajen mata. Ana karanta wannan sakamako da taka-tsantsan, domin yaron da ya kai kansa kulob ɗin mutum-mutumi wataƙila dama can yana son injina, kuma binciken a Amurka aka yi shi, inda makarantu ke da wuta da ɗakunan gwaji. Ana kuma sukar gasannin da cewa makarantun masu hali ne ke yawan lashe su, sannan a wasu ƙungiyoyi ana barin mata da rubutun rahoto da yi wa alƙalai bayani, maza su riƙe sukurdireba.

Ga ɗalibin Najeriya, kofi ba ya maye gurbin jarrabawa. Mai son karatun injiniya dole ya samu kiredit a lissafi da Ingilishi da fiziks da kemistiri a WAEC ko NECO, ya kuma rubuta waɗannan huɗun a JAMB. Fannin da ya fi kusa da abin da ake yi a gasa shi ne mekatironik, wanda ya haɗa injina da lantarki da kwamfuta, kuma Jami'ar Bayero ta Kano tana da sashensa. Wanda ya bi ta kwalejin fasaha zai yi difloma ta shekara biyu, ya yi shekara guda ta koyon aiki, sannan ya koma babbar difloma. Ayyukan da ke jiran waɗannan ɗalibai a Arewa galibi ba ƙera mutum-mutumi mai tafiya da ƙafa ba ne. Sun haɗa da kula da injinan masana'antu masu sarrafa kansu, haɗa sola da famfunan ban ruwa, gyaran na'urorin asibiti, da jirage marasa matuƙa irin waɗanda kamfanin Zipline ya fara kai magunguna da su a jihar Kaduna a 2022.